Wace Ƙwaya Ake Ba Baba?

Ranar da Baba ya dubi ɗansa Auta ya tambaye shi ko shi ɗan wane gida ne, Umma ta bar falo ta shige kicin. Dakta ta bi ta, ta karɓi wuƙa ta ci gaba da yanka albasa, don a samu abin ɗora wa hawayen laifi.

Dakta matar Auta ce. Ba likitar asibiti ba ce, ko da yake hakan bai hana dangi kawo mata ciwon baya ba. Da ta gama digirin digirgir ta samu aikin bincike na kwantiragi, ƙafa ɗaya a jami'a ɗaya a kamfanin magunguna, a kan yadda ciwon suga ke cin ƙwaƙwalwa, irin ciwon da ke damun Baba. Yaya Babba, yayar mijinta, "Daktar ɓeraye" take ce mata, saboda ɓerayen da take gwaji a kansu.

Likitan Baba ne ya sa shi cikin gwajin wani sabon magani na kamfanin. Ƙa'idar gwajin kuwa, rabin tsofaffin ana ba su maganin gaske, rabi ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, kuma ba wanda zai san tasa sai an gama. Dakta na jin haka ta je ta gaya wa Farfesa, shugabanta, cewa Baba surukinta ne. Nan take aka cire hannunta daga duk abin da ya shafe shi.

Suna dawowa falo daga kicin, Yaya Babba ta tare Dakta.

"Ki leƙa mana kwamfutarku. In ta banza ake ba shi, ki sa a canza."

"Yaya, ba ni da ikon gani. Ni na ce a cire ni."

"Ke kika ce? Gari na neman hanya, ke Allah ya ba ki, kika toshe da hannunki?"

"In aka buɗe, gwajin ya lalace, shi ma cire shi za a yi."

Yaya Babba ta tafa hannu. "Auta, ka ji! Da nata uban ne da tuni ta fasa kwamfutar. Kujerar dindindin take hange a kamfani, shi ke nan."

Sai a mota Auta ya yi mata magana. Shi da ke jiran ta a ƙofar lab, ɗakin bincikensu, da sanyin safiya lokacin da take karatu, yana cewa ko ɓera ta koma zai aure ta, yau ko kallonta bai yi ba.

"Kina da ƙawa a sashen. Kalma ɗaya ce. Don Allah, saboda ni."

"Ka roƙe ni komai ban da wannan."

"To ki je gidanku ki huta, har na san wa na aura."

Ta yi kuka mai cin rai, don tana son mijinta, tana kuma son tsohon. Mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ta ci gaba da zuwa aiki, tana auna sugan ɓerayenta, tana kallon su suna laluben hanya a cikin akwati. Kowace safiya kuma sai ta kira Umma ta tuna mata lokacin allurar Baba, ko da Umma ta amsa a daƙile.

Da ranar asibiti ta zo, Auta ne ya kai Baba. A bencin jira ya zauna kusa da wata mai wanki da guga, tana gyara ɗankwalin mahaifiyarta, wadda ita ma ke cikin gwajin. Hira ta ja su, mai wankin ta ce:

"Ka san abin da ke sa ni rufe shago in kawo ta? An ce ko ɗan mai kamfanin ba zai iya zaɓar wa ubansa ba. Da ana bin hanya, ai mu marasa kowa ta banzar za a tara mana."

Auta ya dubi tsohuwar. Ya gane abin da ya roƙi matarsa: a ɗauke daga bakin wannan a sa a bakin Baba. Kunya ta rufe shi.

Yana ajiye Baba a gida ya wuce lab. Dakta ta fito da farar riga da safar hannu, idanunta sun faɗa.

"Sori," in ji shi. "Na zalunce ki. Ki dawo, ko me sakamakon ya nuna."

"Yaya Babba fa?"

"Ni na aure ki, ba ita ba."

Ta so ta ja aji, hawaye suka tona mata asiri.

Aka daɗe kafin a gama gwajin. Da aka buɗe, sai ga shi ta banzar Baba yake sha tun farko. Yaya Babba ta ce, "Ba na faɗa ba?" Amma da yake ba wanda ya taɓa sirrin, aka yarda da sakamakon, aka fara ba duk tsofaffin maganin gaske, har da Baba. Bai dawo masa da abin da ya tafi ba, ya dai rage gudun mantuwar.

Wata rana Dakta ta durƙusa tana miƙa masa ruwa, ya ƙura mata ido ya ce, "Matar Auta ce, ko? Allah ya yi miki albarka." Umma ta ce amin, ta kama hannunta ta riƙe.

Amana ba ta da suruki. Wanda ya riƙe ta zai sha zagi daga nasa, amma in ya yi haƙuri, su ne farkon cin amfaninta.