Ƙashin Haƙarƙari a Cikin Garwashi

Ku ajiye littattafan nan ku matso, wallahi wannan ko kwana uku bai yi da ƙarewa ba, kuma a layinmu aka yi shi, gidan mai gyaran firji, mai koriyar ƙofa. Kun san 'yarsa, wadda ake ce wa Kumatu, 'yar aji uku da ta yi sati biyu ba ta zo makaranta ba. To ba zazzaɓi ba ne.

Babanta mutum ne mai son gashin nama. Da hannunsa ya raba tsohon duro biyu, ya yi masa ƙafafu, ya ciro ragar wani mataccen firji ya ƙone fentinta ya ɗora a kai. Duk Asabar sai ya sayo haƙarƙarin saniya, ya sa mahauci ya sara masa gajeru-gajeru kamar tsawon yatsa, masu kitse a jiki. Ya shafe su da gishiri da tafarnuwa da citta, ya tara garwashi a gefe guda, ya jera naman a ɗaya gefen ya rufe da murfi. Awa biyu yake yi yana zagaya duron da mafici, ba mai taɓa masa, sai naman ya janye daga ƙashi da kansa sannan ya matsar da shi kan wuta sosai ya yi ja. Kaka, wato mahaifiyarsa, takan ce da yana kula da firjin mutane kamar yadda yake kula da haƙarƙarin nan da tuni ya gina bene.

Shekara da shekaru Kaka ce ke tattara ƙasusuwan bayan an ci, ta kai bayan kicin ta zube a gindin katanga. Ba ta taɓa cewa don me ba, ita ma haka ta ga uwarta na yi. Maman Kumatu kuwa nas ce a asibitin yara, ba ta shiri da ƙazanta ko kaɗan. Da ta ga ɓera ya gifta ta bayan kicin sai ta ce an gama. Ba ta yi gardama da surukarta ba, ta dai jira kowa ya shiga sallar magariba, ta miƙa wa Kumatu farantin ƙasusuwan ta ce ta juye a cikin garwashi. Asabar ta farko haka, ta biyu haka. Kaka ta ɗauka a bola ake zubawa, ta yi ɗan gunaguninta ta bari.

Asabar ta uku rana ta faɗi, tsakar gida ta yi shiru, ba motsin komai sai kitse da ke ɗiga yana cas-cas. Kumatu ta juye farantin. Hayaƙi ya tashi, amma maimakon ya yi sama sai ya kwanta a ƙasa, ya bi ƙafafunta ya naɗe su. Mama tana ɗauraye hannu a famfo, tana gani. Yarinyar ta tsaya da faranti a hannu ba ta juyo ba, ta daɗe a haka, sannan ta ce a hankali, "Mama, bakina toka."

Mama ta ce ta kurkure. Ta kurkure sau uku, ta ce ruwan ma toka ne.

Daga ranar ba abin da ya sake wucewa maƙogwaronta. Shayi toka, burodi toka, ayaba toka. In ta daure ta haɗiye sai ya dawo baƙi ƙirin. Mama ta kai ta wurin aikinta, aka ɗebi jini, aka leƙa maƙogwaro, aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce shi bai ga komai ba. Ta dawo da ita gida ta rataye ledar ƙarin ruwa a ƙusar da ake rataye kalanda, ta nemi jijiya ta sa mata da hannunta. Ita da ke samun jijiyar jariri ɗan kwana biyu a suka ɗaya, sai da ta soki 'yarta sau huɗu.

Kwana na huɗu jifa ta fara. Da an kira magariba sai a ji ƙwas a kan kwanon ɗakin Kumatu, sannan abin ya gangaro a hankali ya faɗo. Baba ya fita da sanda ya zagaye layi, ba kowa. Mama ce ta ɗauki fitila ta duba gindin bango. Ba duwatsu ba ne. Ƙasusuwa ne gajeru, ƙonannu, har da ɗumi a jikinsu. Ta gane su sarai. Ta share su cikin sauri ta ƙulle a leda, da mijinta ya dawo ya tambaya ta ce tsakuwa ce.

Kun ga abin da tsoro ke sa mutum? Duk gidan sun ɗora laifin a kan Baba. Kaka ta ce shi da duronsa, wa ya san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Shi ma ya yarda, ya ja duron ya kifa a lungu, ya daina zuwa shago, yana zaune a ƙofar ɗakin 'yarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Mama tana ji tana gani ta bar shi da laifin. Kullum da magariba ƙashi uku ko huɗu, kullum ita ke rigan kowa fita da tsintsiya. Wani lokacin kuma daga ƙarƙashin duron da aka kifa sai a ji kamar ana gwaigwayar abu, a hankali, a tsaya, a ci gaba.

Kwana goma sha ɗaya, yarinyar da ake tsokana da kumatu ta koma ido da haƙori. Jijiyoyin hannunta duk sun ɓuya. Mama ta zauna da allura tana lalube har ta kai ƙafa, ba ta samu ba. A asibiti ta sha ganin yara a wannan matakin, ta san kwana nawa ya rage, kuma ba su da yawa. Nan ta ajiye allurar, ta je ta durƙusa gaban surukarta ta ce, "Inna, a kira wanda za a kira."

Malamin da Kaka ta aika wa ba wani mai ban tsoro ba ne. Siriri ne mai tabarau, a kan keke ya zo bayan azahar, har ya roƙi a shigar masa da keken ciki kar a sace. Ya zauna a kan tabarma nesa kaɗan da gadon, ya ce a buɗe taga, ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Ya yi wajen rabin awa. Kumatu da ba ta iya ɗaga kai, sai ga ta ta tashi zaune cak, ta naɗe ƙafa irin zaman tsofaffi. Muryar da ta fito ta mace ce, babba, a dushe, kamar wadda ta gaji da magana tun kafin ta fara.

Ta ce ya isa haka, tana ji.

Malam ya tambaye ta ko ita wace ce. Ta ce sunanta ba zai amfane shi ba, su biyar ne a bayan kicin, ita da 'ya'yanta huɗu, tun kafin a yi wa gidan nan rufi suke nan. Ba su taɓa fasa ko kofi ba. Abincinsu ƙashin da aka ambaci sunan Allah a kansa, shi ke nan, kuma tsohuwar can ba ta taɓa hana su ba. Sati uku ke nan ana ba wuta rabonsu suna kallo.

"Ƙaraminsu ba ya iya tashi," ta ce. "Sai na ce bari su ma su ɗanɗana abin da muke lasa."

Baba ya rantse shi bai taɓa ƙona ƙashi ba. Muryar ta ce ta sani, shi laifinsa ɗaya, ko jijiya ba ya bari a jikin ƙashi. Sannan kan yarinyar ya juya a hankali ya tsaya a kan Mama.

Mama ba ta jira a faɗa ba. Ta ce ita ce, ita ta miƙa farantin, kuma ita ke share abin da ake jefowa tana cewa tsakuwa ce. Ta tashi ta ɗauko ledar daga ƙarƙashin gado ta zazzage a gaban mijinta. Ya kalli ƙasusuwan, ya kalle ta. Ta juya wurin gadon ta ce, "Ni na yi. Ki sake ta ki kama ni."

"Ke da kike aikin yara," muryar ta ce. "Ke in na kama ki me za ki ji? A nan ne yake miki ciwo."

Malam ya ce zalunci ne, yarinyar aikenta kawai aka yi. Muryar ta ce nata ɗan ma ba abin da ya yi. Daga nan aka shiga ja-in-ja. Ta ce a yanka mata saniya guda. Baba har ya buɗe baki zai ce ko biyu ne, Malam ya ɗaga masa hannu, ya ce ba a yi wa kowa yanka sai Allah, in ta sake faɗa zai koma karatu ba zai tsaya ba. Ta ce to a riƙa bar musu tsoka a jikin ƙashi. Ya ce a'a, abin da aka saba shi za a koma, ƙashi, ba ƙari ba ragi, kuma ba don tsoronta ba, don haƙƙin maƙwabtaka. Mama ta ce ita saboda ɓeraye ta yi. Muryar ta ce ɓerayen ba nasu ba ne, su ma sun addabe su. Kaka dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka.

Sai aka zo wurin da ya fi wuya. Malam ya ce ta fita yanzu. Ta ce ita da alkawarin mutum sun gama, ba za ta motsa ba sai ƙashi ya taɓa ƙasa a gindin katanga, yau ɗin nan, na haƙarƙari, wanda mutanen gidan suka ci da bismillah. Malam ya dubi yarinyar, ya ga yadda ƙirjinta ke hawa da ƙyar, ya san jikin ba zai ɗauki wani dogon karatu ba. Ya ce an yarda.

Baba ya hau keken Malam ya yi wurin mahauci. Mama ta mayar da duron kan ƙafafunsa, ta zuba gawayi, ta hura da bakinta har hawaye da toka suka haɗu a fuskarta. Da naman ya zo ita ta shafe shi. Ta ce wa mijinta ya ɗora a tsakiyar wuta a yi a gama. Ya ce in ya yi haka waje zai ƙone ciki ɗanye, naman ba zai saki ƙashi ba, kuma ƙashin zai babbake, a koma inda aka fito. Maganar farko ke nan da ya yi mata tun da ta zazzage ledar. Ya jera a gefe, ya rufe.

Awa biyu, jama'a. Mama tana kai-komo tsakanin duro da gado, ta taɓa wuyan 'yarta ta ƙirga, ta dawo ta tsaya a kan murfi. Rana tana sauka a jikin katanga. Malam yana ciki yana karatu ƙasa-ƙasa, muryar kuwa ta yi shiru, hancin yarinyar kawai ke motsi yana bin ƙamshi.

Da naman ya nuna aka zauna a tabarma, su uku, ba mai jin yunwa. Suka yi bismillah. Ku yi tunanin uwa tana tura nama a baki, 'yarta na kwance a ɗaki kwana sha ɗaya ba ci. Mama tana taunawa tana shaƙewa, ta haɗiye da ruwa ta sake ɗauka. Kaka da haƙoranta huɗu ta cinye guda biyu. Baba, da gangan ko mantuwa, ya bar jijiya a jikin nasa. Suka rage guda ɗaya a faranti.

Ana fara kiran magariba Mama ta kwashi ƙasusuwan a hannu biyu, ta zagaya bayan kicin ita kaɗai, ta durƙusa ta ajiye su a gindin katanga, ba zubarwa ba, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce a yi haƙuri. Ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba, sai atishawa uku daga cikin ɗaki, sannan muryar Malam yana hamdala.

Ta shigo da gudu. Kumatu tana kwance ido biyu, tana tambayar me ya sa kowa ke kallonta. Mama ta san ƙa'ida sarai, cikin da ya daɗe ba komai da ruwa-ruwa ake fara masa, amma dole ta san yanzu ko tokar ta tafi. Ta yago tsoka 'yar mitsitsiya daga wanda aka rage, ta sa mata a harshe. Yarinyar ta tauna, ta tauna, ta yamutsa fuska, Mama ta dafa bango.

"Baba," Kumatu ta ce da 'yar muryarta, "wa ya sa gishirin nan? Ya yi yawa."

Baba ya nuna matarsa da yatsa. Mama ta sulale ƙasa ta rungume ƙafafun 'yarta, tana kuka tana cewa ni ce, ni ce, ƙara faɗa.