Gawar da Aka Yi wa Wanka

Da hantsin ranar Litinin aka bugo waya caji ofis daga tsangayar koyon aikin likita ta jami'a, aka ce an sace gawa.

Lokacin da Insifekta Nu'uman ya isa, ɗalibai sun cika harabar, wasu da fararen riguna, wasu da duwatsu a hannu. Labari ya riga ya zaga wayoyi cewa Markus, mai kula da ɗakin gawarwakin da ake koyar da ɗalibai da su, ya sayar wa matsafa. An kulle shi a wani ofis don kada a taɓa lafiyarsa.

Farfesa Lailatu, shugabar sashen, ta tarbi Insifekta a bakin ƙofa. Ko gaisuwar kirki ba su yi ba.

"Gawar wa ce?" ya tambaya.

"Ba mu san sunansa ba. Irin waɗanda ke rasuwa a asibiti ne babu mai zuwa nema, sai hukuma ta ba mu. Yau ya kamata 'yan aji biyu su fara aiki a kansa."

"Wa ke da makulli?"

"Markus. Sai Dakta Hussaini, malamin da ke ɗaukar ajin."

Ɗakin sanyi ƙalau, warin maganin adana gawa yana sa ido hawaye. Kwaɗon ƙofa lafiyarsa lau. Insifekta ya zaga teburan ƙarfe, ya tsaya a gaban kwatamin wanke hannu. A bakin magudanar akwai wasu 'yan ganyaye da suka maƙale. Ya ɗauko ɗaya ya murza, ya kai hanci. Magarya ce, da ƙanshin kafur.

Ya jima yana kallon ganyen. Ya taɓa riƙe buta a wankan gawar mahaifinsa, ya san abin da ake yi da su.

Markus dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, ya tsufa a wannan aiki. Leɓensa ya fashe, an jefe shi kafin a kulle shi.

"Ina kake ranar Juma'a da rana?"

"Ina nan, yallaɓai. Ban motsa ba."

"Mai gadi ya ce ya ga fitarka a babur kafin a tafi masallaci."

Markus ya sunkuyar da kai. "Saratu ce, matata. Tana kwance a asibiti, ciwon ƙoda. Idan aka ji na bar aiki za a kore ni."

"Wa ka bar wa ɗakin?"

Markus ya shafa leɓensa da ya fashe.

"Baba Markus, yaran nan da ke waje ba su san wasa ba."

"Dakta Hussaini ya ce in tafi, zai kula." Ya ɗago ido. "Amma mutumin kirki ne, yallaɓai. Shi ya saya mata jini."

Dakta Hussaini yana zaune a ofishinsa, labule a sauke. Matashi ne siriri, idanunsa sun yi ja. Ya amsa gaisuwa a tsanake, ya tambayi aiki da iyali.

"Likita, Markus ya ce kai ya bar wa ɗakin."

"Haka ne. Na rufe na tafi masallacin jami'a. Daga nan gida."

"Ka taɓa ganin gawar?"

"Ranar Alhamis, da muka fito da ita don shiri. Kallo ɗaya."

"Wa kake zargi?"

"Ban zargi kowa ba."

Da Insifekta ya fito, sai ya bi ta wurin ajiye motoci. Motar likitan tana ƙarƙashin dalbejiya, gilasanta duka a sauke. An kwantar da kujerar baya. An wanke ta, an fesa turare, amma warin nan mai sa hawaye yana nan.

Bai koma ofishin ba. Wanda ya yi wa gawa wanka, in ji shi a ransa, ba zai jefar da ita a daji ba. Ya shiga bin maƙabartun gari, har ya kai wata da ke bayan Ƙofar Guga, inda ya tarar da Malam Ɗanladi mai haƙa kabari yana gyaran magirbi a inuwa.

Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye shi ko an kawo wata gawa ranar Juma'a da ta ba shi mamaki.

"An kawo ɗaya bayan an sauko. Mutum guda ya kawo ta, shi kaɗai, ba maƙwabci ba ɗan'uwa. Mu muka tara 'yan sahu muka sallace ta."

"Me ya ba ka mamaki?"

"Ta sandare kamar itace, ga wari irin na asibiti. Na ce bawan Allah, yaushe ya cika? Ya ce ya daɗe. Shi ya shiga ramin da kansa ya gyara masa kwanciya. Da muka gama ya zauna nan har la'asar sakaliya."

"Ya faɗi sunan mamacin?"

"Da liman zai yi addu'a ya tambaya. Ya ce Babaji."

Da yamma Insifekta ya sake ƙwanƙwasa ofishin. Hayaniyar waje ta ƙaru, an fasa gilashin tagar ofishin da Markus ke ciki.

"Likita, wane ne Babaji?"

Dakta Hussaini ya cire tabarau ya ajiye.

"Yayana ne. Uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya bar makaranta ya kama ɗinki don in yi karatu. Daga baya ciwon ƙwaƙwalwa ya same shi. Wata rana ya fita, shekara uku ke nan. Babu inda ban je ba, har Maraɗi."

"Ya aka yi ka gane shi?"

"Yatsansa na hagu, keken ɗinki ya taɓa huda shi, farcen ya rabe biyu. Na ɗaga hannun ne don in duba inda yara za su fara yanka." Ya dubi daɓen ofishin. "Ashe yana ƙarƙashin ofishina tun bara. Kullum ina wucewa ta kansa."

"Me ya hana ka faɗa wa Farfesa?"

"Sai an kafa kwamiti, sai an gwada jini, sai kotu. Ni kuma ranar Litinin zan tsaya in ce wa ɗalibai su sa wuƙa. Ban iya ba."

"Wannan na fahimta," in ji Insifekta. "Abin da ban fahimta ba, tun safe kana zaune a nan, ana jifan dattijon can da sunan matsafi."

Likitan ya rufe fuska da tafukansa. "Tsoro nake ji a ce a tono shi."

"Ba ni ke da wannan hukuncin ba. Zan rubuta abin da na gani, zan kuma roƙa. Tashi."

Bai sa masa ankwa ba. A kan matakala Dakta Hussaini ya tsaya, ya faɗa wa ɗalibansa da bakinsa cewa shi ya ɗauki gawar, da dalilinsa. Duwatsu suka riƙa faɗuwa ƙasa. Aka buɗe wa Markus, ya wuce ta tsakiyarsu bai kalli kowa ba, ya hau baburinsa ya nufi asibiti.

A mota likitan ya ce, "Yallaɓai, alfarma ɗaya. Mahaifiyarmu ba ta sani ba. Kada ta ji a bakin mutane."

Insifekta ya ce wa direba ya bi ta unguwar Gobarau. Suka tsaya a wani lungu, Insifekta ya raka likitan har zaure. Wata tsohuwa ta fito tana dafa bango, ta dubi ɗanta, ta dubi kakin ɗan sanda, fuskarta ta washe.

"Hussaini, an gan shi?"

Likitan ya durƙusa a gabanta.

"An gan shi, Inna."

Insifekta ya juya ya fita, ya tsaya jikin mota yana jira. Bai ce a yi sauri ba.