In Shigo?

Blessing ce ta bar min kwalin ranar da ta gama jami'a za ta koma garinsu. Maƙwabciyata ce a nan Wudil, ga ta da son finafinan tsoro kamar me. Wasan haɗa hoto ne, guntaye ɗari biyar, wai hoton tallan wani tsohon fim ɗin Turawa. Murfin ya yage, don haka ban san abin da zai fito ba sai na haɗa.

Ni kuwa Rahinatu in na fara abu ba na iya bari. Maigidana Halliru ya yi faɗa har ya gaji, wai mace da goyo ta zauna tana harhaɗa fuskar da ba ta san mai ita ba. Na ce masa kwali ne fa, ba mutum ba.

Kwana tara ina yi a kan babban tire. Ƙofa ta fara fitowa. Sai wani dogon mutum tsaye a bakinta, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Yatsunsa sun cika tsawo.

Ran Juma'a da yamma saura guntu ɗaya, bakinsa. Halliru ya fita masallaci, ana ta kiran magariba. Ikilima, 'yata mai wata bakwai, tana barci a bayana. Na san ba lokacin wasa ba ne, amma na ce bari in ƙarasa sannan in yi alwala.

Na danna guntun. Ya zauna daram.

Kaji suka yi tsit. Ko ƙarar manyan motocin kan gada na daina ji. Wani wari ya taso, irin na taɓon bakin kogi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa sau uku.

"Rahinatu, in shigo?"

Muryar Yaya Tasi'u ce, yayana da ke Darki. Yakan biyo in ya ci kasuwa. Amma Yaya bai taɓa tsayawa a ƙofata ba tare da sallama ba.

Ikilima ta yi min nauyi kamar buhun gero. Na kai hannu na taɓa ƙafarta. Sanyi ƙalau. Na daina jin numfashinta.

"'Yar na zo gani," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "In shigo?"

Na dubi tiren. Hannun mutumin ya sauko, ya kama mariƙin ƙofa.

Wallahi tsoro ya hana ni tuna ko aya ɗaya. Bakina ya buɗe, ba ni na buɗe shi ba. Ina ji ana jawo "shigo" daga maƙogwarona kamar guga daga rijiya.

Amma a gidanmu ba a ce wa baƙo shigo. Innarmu har duka take yi a kan haka, wai rashin tarbiyya ne. Abin da baki ya saba shi ya fito.

"Bismillah."

Wani abu ya daki ƙofar, ya yi kuka irin na akuyar da ba a gama yankawa ba. Tiren ya kife. Ikilima ta tsala ihu, ban taɓa jin daɗin kukan yaro irin na ranar ba.

Halliru ya ƙone guntayen a murhu. Yaya Tasi'u kuma ya rantse ranar ko ƙofar gida bai fita ba.

Yanzu shekarar Ikilima uku. Ba ta ƙetare ƙofa, ko ta ɗakina ce, sai ta tsaya ta ce, "Umma, in shigo?" Ba wanda ya koya mata. Kullum Bismillah nake ce mata, in zuba mata ido. Jiya sai da ta daɗe a tsaye kafin ta ɗaga ƙafa.