Arba'in a Kwana Talatin da Huɗu

Ranar da aka liƙa sabuwar taswirar unguwar Maamobi a bangon makaranta, gidan Mma Abiba ya ɓace. Ɗaki uku da ta gina da tuyar ƙosai an haɗe su a taswirar da gidan Ya'u, ƙanin marigayi mijinta. Lamba ɗaya, suna ɗaya: nasa.

Ta tare Sherifa, ma'aikaciyar da ta tayar da ɗan jirgin nan mara matuƙi mai ɗaukar hoton ƙasa.

"Ke, wa ya saye ki?"

"Mma, jirgi ba ya cin hanci. Rufi yake gani. Inda rufi ya rabu, gida biyu ke nan. Duba, naku a haɗe yake."

Mma Abiba ba ta iya karatu ba, amma ta san rufin kowa. Lungun da ya raba gidajen biyu babu shi, tsohon kwano ya rufe shi ruf.

"Yaushe jirgin ya tashi?"

"Talatar bayan babbar Sallah. Kwamitin unguwa kawai muka sanar."

Ranar addu'ar arba'in ɗin mijinta ke nan.

Ta nufi Sala mai hayar rumfa.

"Kai ka toshe mini lungu?"

"Farar rumfa na kawo, Mma. Ya'u ya ce in mayar. Kwanuka ya jera da kansa, wai sun fi tare rana."

Sai wurin liman.

"Malam, ina takaba, ban ƙirga ba. Daga rasuwa zuwa addu'a kwana nawa?"

Ya daɗe yana jan carbi. "Talatin da huɗu. Ya'u ya ce baƙin Kumasi suna sauri."

Ta samu Ya'u a ƙofar gida cikin mutane, ba ta ko yi sallama ba.

"Kana kwamiti, ka san ranar. Ka yanke wa ɗan'uwanka kwana shida na addu'a, ka haɗe rufina da naka, ka zaunar da ni a ƙarƙashi ina kuka, jirgi yana ɗauka. Ƙarya nake?"

Bai musa ba, mara kunya. "Yaya, gida ai na dangi ne. Zauna abinki, har yarana su tasa."

Mutane suka yi ta salati. Salati kawai.

Ta koma wa Sherifa da shaidu biyu. Sherifa ta rubuta komai.

"Na yarda, Mma. Amma ba a gyara layin taswira sai jirgi ya sake tashi."

"Yaushe?"

"Wataƙila shekara goma."

Mma Abiba tana da shekara saba'in da huɗu.