Mamacin da Ke Gyaran Rediyo

"Allah ya jiƙansa, 'yata... Allah ya ba ki haƙurin rashinsa!"

Matar ta riƙe hannuna gam, hawaye na bin kuncinta. Ni kuwa na rasa inda zan sa idona, domin wanda take nema wa rahamar yana tsaye bayan teburi da sukudireba a hannu, yana kwance mata tsohuwar rediyonta mai cin kaset.

Ko gezau bai yi ba. Cewa ma ya yi, "Amin, Hajiya."

Sai da ta fita na juyo kansa kamar zan cinye shi ɗanye.

"Amin ka ce?!"

"To me zan ce, Kanari? Addu'a ce, ba a mayar da ita."

Kanari... Rabona da jin sunan nan tun ranar da Yayana ya shigo shagon nan ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce ƙanwarsa ba za ta ƙare a hannun mai kwance rediyo ba. Injiniya, kamar yadda nake kiransa don tsokana, ya ci gaba da aikinsa. Washegari ya ce min ba zai raba ni da 'yan uwana ba, ya ja jikinsa. Haƙurinsa ne ya sa na so shi, haƙurin nan ne kuma ya fi komai ƙona min rai.

Baƙin cikin da ya bar ni da shi na zuba a waƙa. Na ƙi kiɗan zamani. Tsohuwar jita na nemo, da ogan mai shaƙaƙƙiyar murya, na ɗauki kundin waƙoƙin gaba ɗaya a kan tsohon injin faifai mai shuuu a ƙarƙashin sauti, irin na zamanin da iyayenmu ke zance. Manajana ya ce wa zai saurari wannan abin sa barci? Masu sharhi a rediyo suka ce yarinya ƙarama da waƙar kakanni.

Sai ga shi direbobi sun ɗauka. Teloli suka ɗauka. 'Yan makaranta suna ta tura wa juna a waya, manya kuma suna neman na kaset don su ji shi yadda aka yi shi. Ana cikin haka labari ya ɓulla cewa wanda nake wa waƙoƙin ya rasu ana dab da aurenmu. Daga nan kundin ya kama wuta. Ko'ina na shiga sai ta'aziyya.

"Kin ga aikinki," in ji Injiniya, yana nuna min tarin rediyoyin da suka kai rufi. "Kowa ya zaƙulo ta kakarsa a gyara masa ya ji ki. Tunda na mutu ban huta ba."

"Ba abin dariya ba ne!"

"Na sani."

"To me ya sa ba ka ƙaryata ba?"

Ya ajiye sukudireban a hankali.

"Saboda na ga kin samu abin da kika daɗe kina nema. Suna sonki, Kanari. In mutuwata ce ta jawo miki su, ki bar ni a kwance."

Idona ya ciko, amma na ƙi bari ya gani.

"Wallahi sai ka tashi, ko kana so ko ba ka so."

Daga shagon ofishin Manaja na wuce. Na tarar da shi da telan kamfanin da ke fitar da waƙoƙina suna duba wata baƙar riga har ƙasa, wadda zan sa a babban wasan da aka shirya min ranar Asabar da yamma.

"Ranki ya daɗe, tauraruwa! Zo ki gwada."

"Kai ka baza labarin nan?"

Ya yi murmushin nan nasa mai kama da na mai tallan magani.

"Ni ban ce ya mutu ba. An tambaye ni, na sunkuyar da kai, na ce a yi mana addu'a."

"Yana nan da ransa!"

"Ransa ba ya sayar da waƙa, ƙanwata. Mutane ba sa kuka don an hana yarinya saurayi, wannan kowane gida akwai. Kika buɗe baki, gobe ko mai shara ba zai kunna ki ba." Ya rage murya. "In an kwana biyu, sai a ce wani ya share miki hawaye. Na ma fara magana da Yayanki..."

Ashe nan aka dosa! Na ɗauki rigar na ajiye masa a kan cinya.

"Kai ka sa. Kai aka yi wa rasuwa."

A gida ma ban samu sauƙi ba. Umma ta ce in rufa wa kaina asiri, tunda duniya ta binne shi in bar shi a binne. Yaya kuwa ko kallona bai yi ba, makullin motarsa ya ɗauka.

"In kika kunyata mu a gaban jama'a, kada ki dawo gidan nan."

"Yaya, ƙarya ce fa ake ci da ita!"

Ya fice abinsa.

Ranar Asabar zauren ya cika maƙil. Mata da yawa sun zo da baƙaƙen kaya, wasu tun kafin a fara sun fito da hankici. Na fito cikin jar riga. Na ji zauren ya yi tsit.

Na yi waƙa ta farko, suka yi kuka. Na yi ta biyu, suka ƙara. Ina hango Injiniya a gefen dandamali, domin da gangan na ce ogan ɗin ya lalace, ba kuma mai taɓa shi sai shi. Na riƙe makirufo da hannu biyu.

"Kun so waƙoƙin nan, na gode. Amma an yi muku ƙarya, ni ma na yi shiru aka yi da ni. Wanda na yi wa su bai mutu ba. Raba mu aka yi. Ga shi can!"

Ya girgiza min kai, yana roƙona da ido. Na taka na kamo hannun rigarsa, na jawo shi tsakiyar fitila, da baƙin mai a yatsunsa.

Zauren ya hargitse.

"Mayaudariya!"

"Ashe wasa kike da hawayenmu!"

Wani ya jefo kaset ya fashe a gaban ƙafata. Na ji zafi har cikin raina, domin ina son mutanen nan. Amma na ɗaga muryata.

"Hawayena na gaske ne! Ku kun fi so ya mutu don waƙa ta yi muku daɗi? To ni da ransa nake sonsa! Wanda zai tafi, ga ƙofa!"

Suka kuwa tafi. Layi-layi suka riƙa fita, Manaja a gabansu yana waya. Kujeru suka yi fayau, sai tsiraru nan da can.

"Kin rusa komai, Kanari..." in ji Injiniya.

"Zauna ka kaɗa min ogan kamar da, masoyi. Ban gama ba."

Ya zauna. Na ƙarasa waƙoƙina duka ga waɗanda suka rage, ban tsallake ko ɗaya ba.

Da aka kunna fitilun zaure na gan shi a layin ƙarshe, shi kaɗai, hannuwa a harɗe. Yaya.

Ya taso a hankali har gaban dandamali. Na shiga gaban Injiniya na tare.

"In korata ka zo yi, na ji. Amma kada ka taɓa shi."

"Matsa, ke dai bakinki ba ya gajiya."

Sai a lokacin na lura idanunsa sun yi ja.

"Kullum kundin nan nake ji a mota," ya ce, bai kalle ni ba. "Kowa yana ji yana tausayin mamaci. Ni ina ji na san wanda ya yi kisan."

"Yaya..."

Ya miƙa wa Injiniya hannu. Injiniya ya tsaya goge man yatsunsa a wando, Yaya ya kamo hannun haka nan da mansa.

"Ka turo manyanka. Umma kuma ku bar ni da ita."

Kamfani ya sallame ni a satin. Gidajen rediyo suka daina sa ni, har yau akwai masu tsallaka titi in sun hango ni. An ɗaura aurenmu ba da wani taro ba, a mota ɗaya muka tafi, Yaya ne ya tuƙa. Da ya kai hannu zai kunna kundin, na riƙe hannunsa.

"Bari, Yaya. Ka sha kuka haka nan."