Zoɓon Mai Citta

A kasuwar Ɗanbatta Badaru ya ga fuskar da ya raka makabarta.

Shekarar ce da tsadar hatsi ta sa gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Ya kawo ragowar gyaɗarsa ya sayar, ƙishi ya kora shi gindin darbejiya wajen masu zoɓo. Wata yarinya mai zoɓo ta ɗago kai, ya tsaya cak yana kallonta. Idanun Hassana ne, har da wushiryar. Hassana da aka sa musu ranar aure, amai da gudawa ya ɗauke ta a daminar bara ana gab da biki.

"Kai ne Badaru," ta ce a hankali. "Duk wanda ya kalle ni haka, ya san ta. Ni ce Hussaina. Zauna kafin ka faɗi mini a kan kaya."

Ya san Hassana 'yar tagwai ce, amma bai taɓa ganin ɗayar ba. Tun yaye gwaggonsu ta tafi da ita riƙo Shanono, sai bayan rasuwar ta dawo gaban iyayenta.

Ta miƙo masa kofi. Ya kurɓa, citta ta kama masa maƙogwaro, ya hau tari.

"Wannan zoɓo ne ko faɗa?"

"Sukari ya fi ƙarfinmu, Malam. Da ruwan dankali nake zaƙaƙa shi. In bai yi maka ba, ga randa can."

Ta yi dariya. Hassana takan rufe baki in za ta yi dariya, wannan kuwa sakinta take yi har ta doki cinya. Ya shanye, ya nemi ƙari.

Daga nan kasuwa ba ta sake ci babu shi ba. Yakan zo da kwaɗon zogale a leda, su raba, ya kora da zoɓonta. Ya raɗa mata Mai Citta, ita kuma ta kira shi Sarkin Tari. Wata rana yana gona saƙonta ya shigo:

"Sarkin Tari, yau na rage citta saboda wani rago da na sani. In bai zo ba zan ƙara ta ninki."

Ya amsa: "Mai Cittata, kar ki rage komai. Tun da na fara shan naki ne na san har yanzu bakina yana jin ɗanɗano."

Amma a gida Hussaina ba ta da sukuni. Mahaifiyarta, Inna Kaltume, ta fito mata da zannuwan marigayiya ta ce ta sa. Takan kira ta "Hassana", sai ta farga, ta juya ta kama shara. A ɗakin da take kwana, kayan auren 'yar'uwarta na nan jere, an lulluɓe su da zane, ba mai taɓawa.

Da magabatan Badaru suka zo, mahaifinta Malam Kassimu ya girgiza kai.

"Yaron kirki ne, na sani. Amma ba zan ba shi mai rai ya je yana kallon matacciya a fuskarta ba. Ga Lawan ɗan ƙanina, shi bai taɓa neman Hassana ba."

Lawan mai shago ne a bakin titi. Ba mugu ba ne, amma ya san inda zai taɓa. Ya aiko wa Hussaina da ƙullin sukari, da ya zo zance kuma ya ce, "Ki karɓi wayar Badaru ki duba, ƙanwata. Ni dai ba na kishi da kabari."

Ta duba ranar kasuwa. Ga fuskarta a fuskar wayar, sanye da shuɗin hijabin da ita ba ta taɓa mallaka ba. Ta ajiye masa wayar a kan benci, ta tattara kayanta.

Ya yi ta kira ba ta ɗauka. A ƙarshe ta rubuto: "Ba na jin haushinta, cikinmu ɗaya. Amma ka gaya mini, in ka kalle ni wa kake gani?"

Ya amsa: "Wani lokaci ita. Ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in na rufe ido, muryarki nake ji."

Inna Kaltume ta tarar da ita tana kuka, ta sa ta karanta mata saƙon. Tsohuwar ta tashi ta nufi turakar mijinta.

"Malam, ni da na haife su ma idona yana ruɗina. To a rufe masa idon, mu ji abin da bakinsa zai ce. Zan haɗa zoɓo irin na marigayiya, Hussaina ta haɗa nata. In ya zaɓi na waccan, ni da kaina zan sallame shi."

Ranar da aka sa, Hussaina ta tsaya gaban tukunyarta tana kallon jan ruwan. Ta tuna yadda kowa ke yabon zoɓon Hassana, mai zaƙi da ƙamshin kanumfari. Wa zai zaɓi tsami ya bar zaƙi? Ta ɗebi nata na kullum ta ajiye gefe domin kasuwa. A sauran ta kwance sukarin Lawan ta juye.

Bayan la'asar aka zaunar da Badaru a soro. Malam Kassimu ya ɗaure masa ido da rawaninsa. Aka ajiye kwanon dambun zogale da ƙuli-ƙuli. Kunyar surukai ta hana shi miƙa hannu.

"Ci, ɗan nan," in ji Inna. "Yau ba ka ganin kowa, ka ɗauka babu kowa."

Ya yi loma, aka sa masa kofi na farko a hannu. Ya shinshina, ya kurɓa. Rawanin ya fara jiƙewa daga ciki.

"Kanumfari da yawa, an kuma bar shi ya kwana a jiƙe. Haka take yin sa. Allah Ya ji ƙanta." Ya ajiye kofin a hankali kamar mai kwantar da jariri. "Na sallah ne wannan, Inna. Ya danne dambun, ba a jin zogale."

Ya sake loma, aka ba shi na biyu. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya sake kurɓa. Hussaina na laɓe bayan ƙyaure ta danne ƙirjinta.

"Wannan kuma wata ce take son ta zama Hassana. Ta zuba sukari, amma cittar na nan a ƙasa tana leƙowa." Ya ajiye shi kusa da na farko. "Baba, ku yi haƙuri. Babu wanda na zo nema a nan."

Malam Kassimu ya haɗe gira. "Biyu aka kawo maka. Me ka zo nema?"

"Wanda ya sa ni tari a kasuwa."

Sai aka ji gudun ƙafa zuwa cikin gida. Hussaina ta dawo da kofin zoɓon da ta ajiye domin kasuwa, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya yi lomar dambu, ya kora. Tarin ya zo, har da hawaye, yana dariya a ciki.

"Mai Citta, kin ƙara ta ninki."

"Ai na gaya maka," ta ce.

Inna Kaltume ta karɓi kofin daga hannunsa ta kurɓa. Tun dawowar 'yarta ba ta taɓa ɗanɗana shi ba. Ta yamutsa fuska, ta kalli yarinyar kamar yau aka kawo mata ita daga Shanono.

"Hussaina," ta ce, ta sake faɗa, "Hussaina. Je ki cire zanen nan, ki sa naki."

Malam Kassimu ya kwance rawanin. Badaru ya ɗago ido ya dube ta, bai razana ba.

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura auren. Ba a yi wani shagali ba, shekarar ba ta bari ba. Kayan ɗakin marigayiya Inna ta raba su sadaka, aka yi wa amarya nata daidai ƙarfi. Hoton mai shuɗin hijabi kuwa, Hussaina ce ta hana a goge shi, ta ce a tura mata ita ma. Lawan ya zo ɗaurin aure, ya kurɓi zoɓon biki ya yi tari, ya ce da ya sani da ya riƙe sukarinsa.

Da za a tafi da amarya, Inna ta kama hannayensu biyu ta haɗa.

"Allah Ya ji ƙan wadda ta tafi, Ya raya wadda ta rage. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku ga jikokinku."

Mata suka amsa da amin, Hussaina ta fita da tukunyar zoɓonta a ka.