Ƙofar Da Gajera Ta Ɓalle

Gajera na wanke-wanke a tsakar gida ta ji faɗuwar kujera a ɗaki. Ta san ko mene ne. Mijinta kafinta ne, ƙaton gaske, amma in abin nan ya taso masa sai ya koma tsumma: gumi ya karyo, ƙirji na dukan uku-uku, ya rantse mutuwa zai yi. An yi masa tes kala-kala a asibiti, zuciya lafiya lau. Likita ya ce ciwon firgici ne, ya rubuta ƙwaya ɗaya kullum, ya ce sai ta yi makonni kafin ta kama jiki, ya kuma haɗa shi da mai koya masa saita numfashi.

Kwana goma kacal uwarsa ta jira. Ran na sha ɗaya ta juye ƙwayar a masai.

Yau kuwa ta riga Gajera isa ɗakin, da wan mijin, direba, da wani mai magani riƙe da kasko yana tuƙuƙin hayaƙi. Aka tura kaskon ciki, direba ya jawo ƙofa ya datse da kwaɗo.

"Inna, don Allah! Dokta ya ce iska yake buƙata, ba hayaƙi ba!"

"Dokta ne ya haifa mini shi? Sai abin da ke jikinsa ya fita za a buɗe!"

Daga ciki kafinta na dukan ƙofa yana tari, yana kiran matarsa. Gajera ta yi kan makullin. Tas! Direba ya ɗauke ta da mari, ta faɗa kan kwanukan, leɓenta ya fashe.

"Ke da ko tsawon tebur ba ki kai ba, za ki koya mana?" in ji shi.

"Kin taɓa ƙofar nan, kin bar gidan nan!" in ji Inna.

Sai dukan ƙofar ya tsaya. Shiru.

Gajera ba ta yi kuka ba. Ta ruga rumfar aikin mijinta ta ɗauko guduma da ƙarfen cire ƙusa. Shi ya kafa ƙofar, ita ta riƙe masa ranar, ta san ta gefen ƙasa katakon ya fi rauni. Direba ya tare ta, ta ɗaga gudumar.

"Yaya, wallahi ka matsa, ko a kai mutum biyu imajensi!"

Ya kalli idonta, ya matsa. Duka uku ƙofar ta ɓalle. Mai magani tuni ya nemi hanya. Ta jawo mijinta waje da ƙafa, ta ɗora kansa a cinyarta.

"Ni ce, kalle ni. Ja a hankali... riƙe... saki. Zai wuce, kullum ma wucewa yake."

Inna ta ga leɓen ɗanta ya yi toka-toka, ta zube ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Duk da haka ranar Gajera ta koma gidan iyayenta, don an ce ta tafi. Kafinta kuwa yana farfaɗowa ya bi ta, ya kama ɗaki kusa da su. Suka koma asibiti aka sake fara magani. Ya rage shan kofi, kowace safiya su taka da ƙafa, duk Laraba ta raka shi wurin mai koya masa saita numfashi. Abin ya sake tasowa, ba sau ɗaya ba. Sai a wata na uku ya fara daɗewa bai taso ba.

Wata hantsi sai ga Inna da ƙullin ganye a hannu. Ta ƙi zama, ta ƙi kallon Gajera.

"Na'a-na'a ce, ta shayi. Ki tambayo likitan naku tukuna, in ya yarda ki dafa masa."

"To, Inna."

"Kuma ku dawo gida. Gidan ya yi mini girma."

To ku ji, yara. Mai firgici ba a kulle shi, ba a dukansa, ba a zubar masa da magani don bai yi aiki cikin kwana goma ba. Addu'a a yi, ganye a tambayi likita. Wanda kuke so kuwa, ku zauna kusa da shi ku yi haƙuri har numfashinsa ya dawo.